Rakiyar 'Ya'yan Mutane Zuwa Italiya

Duk shekara da zarar watan Mayu ya kama sai in fara ganinku. Ku taho daga Fallowfield, unguwarku ta ɗalibai a nan Manchester, da jakunkuna a baya, kun gama jarrabawar uni, wato jami'a, wani ya gaya muku Anti Rabi tana neman masu raka yara Italiya. Tambayarku ta farko ba ta canzawa: akwai ranar hutu, za a je bakin teku? To ku samu wuri ku zauna. Ni ku bar ni a tsaye, aikin nan ya hana ni iya zama. Bari ku ji yadda yake kafin ku ce kuna so.

Ba a aji na koyi Italiyanci ba. Aure ne ya ɗauke ni daga Kano ya kai ni wani gari kusa da Brescia, inda maigidana yake aiki a masana'antar ƙarfe. Ni kuma na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wanka, girki, juya mutum a gado. A bakin tsofaffin matan nan na tsinci yaren, har da zaginsa. Na kuma koyi wani abu da ya fi yaren yi mini amfani daga baya, wato sanin gida da kallo ɗaya. In na shiga falo na leƙa kicin, na san wa ke da iko a gidan, wa ke shan giya da rana, wa ba shi da lafiya ana ɓoyewa. Da masana'antar ta rufe muka tattara muka taho Manchester, muka sauka a Gorton.

A nan na haɗu da uwar ɗakina, Misis Doreen, tsohuwar malamar makaranta. Tana da ɗan ƙaramin kamfani mai kai matasa wani gari kusa da Verona duk bazara. Da safe su shiga aji, da rana a zaga da su gari, kowa kuma ya kwana a gidan wasu iyali 'yan ƙasar. Tana neman mai jin yaren wadda iyaye Musulmi za su yarda su damƙa mata 'ya'yansu.

Aikina na farko da ita shi ne duba gidaje, tun kafin zafi ya shigo. Mun shiga wani gida mai lambu, matar gidan ta tare mu da fara'a, ta ba mu kofi, ta nuna mana ɗaki tas. Da muka fito na ce wannan ya yi. Misis Doreen ta ce in koma in roƙi shiga bayi. Na koma. Ƙofar bayin ba ta da sakata, kuma akwai rezar aski ta namiji a kan kwanon wanke hannu, alhali matar ta ce ita kaɗai ce da 'yarta. Muka tambaya, ashe ƙaninta yana kwana nan wani lokaci. Wataƙila mutumin kirki ne, amma ba mu sa yarinya a gidan ba. Daga ranar, kowane gida sai na rufe ƙofar bayi da hannuna, na kwanta a gadon da yaro zai kwanta, na taka da ƙafa daga gidan zuwa inda zai hau bas.

Bazarar farko da ta biyu ba ta bar ni na shiga gaba ba. Ita tana gaba da jar laimarta a sama, ni ina can baya kamar mai kora awaki. Ta ce wanda yake gaba gari yake gani, wanda yake baya shi ke ganin yara. Ta kuma hana ni ƙirga kai. In kika ƙirga kai a dandali, ɗan wasu ya shigo cikin naku, lissafi zai cika alhali naki ɗaya yana can yana kallon takalma. Fuska za ki duba, ki kira suna a zuciyarki. Har yau in na shiga Gorton Market idona yana bin fuskoki, ina neman wanda babu.

Kayan aikin ba su da yawa. Takalmin da kin riga kin sha yawo da shi, don sabon takalmi zai kwantar da ke a rana ta biyu. Waya biyu, ɗaya ta Ingila don iyaye, ɗaya ta Italiya don masu masauki. Jakar da ake ɗaurawa a ciki ƙarƙashin riga, nan fasfo ɗin yara suke kwana, ba a barinsu a hannun masu su. Ledar amai, filasta, da allurar yaran da jikinsu bai son gyaɗa, wadda dole ki iya sokawa da kanki. Sauran kayan aikin bakinki ne. Wata baiwar Allah, Sinyora Karla, na gaya mata yaron da za ta sauka ba ya cin naman alade, ta ce ta gane sarai. Ranar farko ta gasa fiza da siraran yankan naman a kai, ta zauna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya da cokali mai yatsu, ta miƙa masa da murmushi. Yaron ya kwana da yunwa don kunya. Tun daga nan ba na aika saƙo kan abinci. Ni da kaina nake shiga kicin, mu buɗe firij tare, in nuna abin da ba a ci, har burodin da ake sa wa kitsen alade.

Masu kawo mana yara kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan likitoci da injiniyoyi, mutanenmu na Kano da Kaduna da Zariya, waɗanda iyayensu suke son a ga Italiyanci a takardar neman uni. Waɗannan sai kin je gida an zaunar da ke a falo. Dakta ya tambaye ki inshora, Hajiya ta ja ki kicin ta tambaye ki abin da ya fi damunta, wato ko akwai samari a gidan da 'yarta za ta sauka, sannan ta cusa miki robar yaji ta ce a ba ta in abincin ya gagare ta. Kashi na biyu yaran da council, wato ƙaramar hukuma, take biya wa, 'yan Gorton da 'yan Ladywood ta Birmingham, waɗanda ake zaɓowa ta youth centre, cibiyar matasa ta unguwa. Da yawansu ba su taɓa riƙe fasfo ba. Saboda su na san hanyar M6 kamar tsakar gidanmu. Safiya ina Manchester ina rarrashin Dakta, la'asar ina Birmingham ina hawa bene ina neman uwar da za ta sa hannu kafin ta fita shift ɗinta na aiki.

Sai shekarar da komai ya taru wuri ɗaya. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council ta bi sahu. Na je youth centre ɗin Ladywood na tarar da kwaɗo a ƙofa, ma'aikacin da muke aiki da shi an sallame shi. Na Gorton ya koma buɗewa jefi-jefi. Misis Doreen ta faɗi ta karya ƙugu, ta miƙo mini jar laimar daga gadon asibiti ta ce ko in tafi ni kaɗai ko a fasa. Jirgin sama ya fi ƙarfinmu, sai na ɗauki hayar coach, doguwar motar fasinja, mu bi ta ƙasa mu tsallaka ruwa mu ratsa Faransa. Ga shi azumi ya faɗo tsakiyar bazara, rana ba ta faɗuwa da wuri, dole in bi masu masauki ɗaya-ɗaya in yi musu bayanin sahur. Yaran da suka rage ba su kai rabin na da ba, kuma ba ni da mataimaki.

A wannan shekarar Malam Isa ya neme ni. Mutumin Kumasi ne ta ƙasar Ghana, Hausa a bakinsa irin ta zango, yana aiki a warehouse, babban gidan ajiye kaya. Na same shi a flat ɗinsu a Ladywood, can saman bene, yana ɗaura igiyar takalmin aiki. 'Yarsa Zainab tana zaune a kujera, 'yar shekara goma sha biyar, ta gaishe ni ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Hajiya, yarinyar nan a Italiya aka haife ta. Aiki ya ƙare mana a can muka taho nan tana firamare. Tun da muka zo ba ta magana a gida. A makaranta an ce tana yi, a nan kuwa daga e sai a'a. Na ce ko in ta je ta ga ƙasar, bakinta zai buɗe."

Na ce, "Malam, mu koyarwa muke kai yara. Ita ai ta iya."

"Ta fara mantawa. Ki taimaka ki tafi da ita."

Na tambaye shi a wane gari suka zauna, ya ce can arewa, ya dubi agogo ya ce bas zai wuce shi. Ina bukatar yara a shekarar, ita kuma ba ta da wata matsala a makaranta. Na karɓe ta.

A mota ba ta ba ni wahala ba. Sauran suna ta waƙa da faɗa kan kujerar taga, ita tana kallon hanya. Sai da muka gangaro daga duwatsu muka shiga Italiya na ga ta miƙe zaune tana karanta allunan hanya, leɓenta na motsi. An sa ta a aji na sama. Malamarta ta ce mini yarinyar tana gane komai, har tana murmushi kafin a gama barkwanci, amma ba ta amsawa.

Kullum da safe ina tsaye a ƙofar makarantar kafin bas na farko ya iso, ina kallon fuskoki suna shiga. Cikin mako na biyu, wata safiya, aka gama shiga ban ga Zainab ba. Na kira mai masaukinta, ta ce da idonta ta ga ta hau bas. Na kira wayar yarinyar, a kashe. Na taka zuwa inda bas yake sauke su, na leƙa kantin da suke sayen alawa, na dawo. Shugaban makarantar ya ce dole a sanar da 'yan sanda. Na ce ya sanar, haka ƙa'ida ta ce, amma ni ba zan zauna jiransu ba. Na roƙi malaman su riƙe mini sauran yaran a makaranta har in dawo, aka soke yawon ranar.

Na ciro wayar Ingila na kira Malam Isa. Ya ɗauka, ƙarar injuna ta cika kunnena.

"Baban Zainab, Rabi ce. Zainab ba ta shiga aji ba, wayarta a kashe. Kada ka tambaye ni komai yanzu, ka gaya mini inda za ta je."

Ya ce in dakata. Sannan na ji ya fita wani wuri mara hayaniya.

Ya ce, "Wurin Pina."

"Wace ce Pina?"

"Tsohuwar da take ƙasanmu a bene. Tun Zainab tana jaririya ita ke riƙe ta in ni da uwarta mun tafi aiki. Ita ta koya mata tafiya. Kaka take ce mata." Ya faɗa mini sunan garin da titin da lambar gidan ba tare da ya tsaya tunani ba. Garin bai fi tafiyar ɗan lokaci ba a jirgin ƙasa, kusa da inda ni ma na zauna. Ya ƙara da cewa, "Ba su yi sallama ba, Hajiya. Ranar da za mu taho na ce wa yarinyar hutu za mu je Ingila. Ita ma tsohuwar haka na gaya mata."

Na ce ya bar wayarsa a kunne, na nufi tasha.

A jirgin ban zauna ba. Na bi tarago ɗaya bayan ɗaya ina leƙa kujeru, ko da na san ta riga ni tafiya. Rana ta take, ga azumi, bakina ya bushe har harshena yana mannewa. A tashar da na canza jirgi na tambayi mai sayar da jarida ko ya ga baƙar yarinya da shuɗin mayafi, ya ce ya ga ɗari. Wayar Ingila tana ta ƙara, don yaran sun riga sun kira gida sun ce an rasa wata. Kowane Dakta yana son in tabbatar masa ba tasa ba ce.

Na samu benen, irin waɗanda na yi shekaru ina shiga ina wanke tsofaffi. Ƙofar ƙasa a buɗe take saboda zafi, da labulen igiyoyi. Tun daga matakala na ji muryar yarinya tana zuba magana ba numfashi, da Italiyancin unguwa, ba na aji ba, tana ba da labarin ruwan saman Birmingham da yadda ake dafa taliya a makarantarsu har ta zama kunu. Ban gane muryar ba, don ban taɓa jin ta da tsawo haka ba. Na ɗaga labulen. Zainab tana zaune a ƙasa ta cire mayafi, wata tsohuwa ƙarama a kujera tana shafa mata mai a kai tana raba gashin gida biyu, yadda ake yi wa 'yar yaye.

Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ke aka aiko? Zauna. Ban ba ta komai ba, na san watanku ne na rashin ci. Na tambaye ta tun da ta shigo."

Zainab ta juyo, ta ce da Turancinta na Birmingham, "I'm not going back, Anti." Sannan da Hausa, "Ki gaya wa Baba. Nan ne gidanmu."

Ku riƙe wannan, don wata rana za ku tsaya a irin wurin. Ba a kama hannun yaro, ba a tsayawa a bakin ƙofa kamar mai tare hanya, ba a fara da barazana. Na matsa gefe na aika wa shugaban makaranta da ubanta cewa an gan ta lafiya. Sannan na dubi ɗakin. An dawo da gado falo. Ga keken dogarawa a jikin bango, ga robar magunguna ta kwana bakwai a kan tebur, ga kujerar wanka a bakin bayi. Ban yi wa yarinyar magana ba, tsohuwar na fuskanta.

Na ce, "Sinyora, wa yake zuwa yi miki wanka?"

Ta tsayar da hannunta a kan Zainab. Ta ce wata mata ce take zuwa da safe, ɗanta kuma yana maganar kai ta gidan tsofaffi in sanyi ya shigo. Ta dube ni da kyau, ta gane na taɓa yin aikin, ta kuma gane dalilin tambayar. Ta ƙarasa kitson ba gaggawa, ta ɗaure ƙarshen, ta juyo da fuskar yarinyar.

Ta ce, "Ji nan. Tukunyar ruwa ma ba na iya ɗagawa yanzu. In kika zauna, ke za ki riƙa ɗaga ni, kuma ba don wannan na goya ki ba. Za ki bi matar nan. Ran Lahadi za ta kawo ki, da wadda ke bi mata, har ku tafi."

Ba ta tambaye ni ko na yarda ba. Lahadi ita ce ranar da nake wanki in miƙe ƙafa. Na ce to. Zainab ta kifa kai a gwiwar tsohuwar ta yi kuka mai isarta, ni kuma na fita matakala ina amsa waya. Da ta gama ta ɗaura mayafinta, muka kama hanyar tasha.

Sauran aikin na takardu ne. Na je ofishin 'yan sanda na yi bayani, na rubuta rahoto na aika wa council, ba a amsa ba, don ofishin da zai karanta an rufe shi. Likitoci biyu suka ce ba za su sake ba ni 'ya'yansu ba, ban ga laifinsu ba. Na zaci sana'ar ta ƙare a nan. Abin da ya raya ta shi ne labarin ya zaga cikin mutanen Ghana da suka taso daga Italiya suka cika Ladywood da Gorton a shekarun nan. Kowane gida akwai yaron da aka cire daga wata unguwa. Yawancin waɗanda za ku raka bana irinsu ne, kuma kowanne sai na tambayi iyayensa sunan gari da sunan wanda aka baro, in tsara ziyarar tun daga nan.

Na kai Zainab Lahadin nan biyu. A ta ƙarshe Pina ta ba ta kwalbar miyar tumatir, ta naɗe a tsohon tawul, ta raɗa mata wani abu a kunne. Yarinyar ta rungume kwalbar a cinya tun daga Verona har muka tsallako ruwa.

Birmingham muka fara tsayawa, da hantsi, a gaban rufaffen youth centre ɗin, don nan iyaye suka sani. Malam Isa yana tsaye da rigar aikinsa mai ƙyalli. Ina fito da jakunkuna daga cikin motar, ina jin su. Zainab ta je gabansa ta miƙa masa kwalbar.

Ta ce, "Baba, Kaka Pina ta ce a ba ka. Ta ce in gaya maka kai ɓarawo ne, ka ɗauke mata 'ya ba sallama. Ta ce duk da haka ka ci, ta san Mama ba ta samun tumatir mai kyau a nan."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon tawul ɗin.

Ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Me kuma ta ce?"

Yarinyar ta ci gaba, Hausa da Italiyanci a haɗe, ƙugun tsohuwar, ɗan da yake son kai ta gidan tsofaffi, mutanen da suke zaune a tsohon flat ɗinsu yanzu. Direba yana ta yi mini hon, ga 'yan Manchester sun gaji suna son gida. Na rufe wurin kaya zan hau, sai Malam Isa ya biyo ni da kwalbar a ƙirji.

"Hajiya, baɗi in za ku tafi, ana ɗaukar babba a motar nan?"

Na ce, "Kujerar baya ce kawai take ragewa, ta kusa da bayi."

Ya ce, "Ki ajiye mini ita."